Amsa ga ƙanenmu da aka hana shi sunuka a gida

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce sunuka ta shiga ranka har kana burin shiga gasa, amma mahaifinka ya ce wasan 'yan caca ne, shi ne kake tambaya ko ka haƙura. Wallahi sai na ji kamar ni na rubuta ta, domin yau sama da shekara 20 ina riƙe da sanda, kuma da wannan maganar aka tarbe ni a gidanmu.

Babanka yana da gaskiyarsa. Wasan kansa ba caca ba ne, amma a yawancin teburan unguwanninmu caca tana zaune a gefe tana jiran yaron da hannunsa ya faɗa. Ina da shekara 19 wani babban yaya a inda muke bugawa ya ja ni a jiki, yana biya mini kuɗin tebur, yana saya mini shayi, yana kirana yaronsa a gaban mutane, ashe kuɗi yake zubawa a kaina ban sani ba. Ranar wasan ƙarshe na wata gasa tsakanin unguwanni, saura mini baƙar ƙwallo kaɗai, tana daf da ramin tsakiya, sai ya matso ya karɓi sandata kamar zai goga mata alli, ya raɗa mini cewa in zubar, domin a kan abokin karawata ya sa kuɗinsa. Na zubar. Har yau ina ganin yadda ƙwallon nan ta daki bakin ramin ta dawo tsakiyar tebur, yaran unguwarmu da suka biyo ni a ƙafa suka yi tsit. A bayan shago ya miƙo mini naira 500, na sa hannu na karɓa, kuma karɓar nan ta fi zubarwar ci mini rai. Wata 6 ban taɓa sanda ba. Shi kuwa ko a jikinsa, kafin mako ya zagayo ya samu wani yaron yana saya masa shayi.

Saboda haka duk wanda ya ce zai riƙa biya maka tebur, ka tambaye shi dalili. Ka riƙa zuwa da hantsi lokacin da babu kowa, ka buga kai kaɗai, hankalinka yana kan farar ƙwallo, wadda ake dokawa da sanda don ta daki sauran, domin jefawa a rami kowa yana iyawa, gwani shi ne wanda ya san inda farar za ta tsaya tun bai buga ba. Ka doke ta ƙasa da tsakiya ka ga yadda take dawowa, ka doke ta sama ka ga yadda take bin 'yar'uwarta. Ka kuma yar da dokokin unguwa, ka koyi na gasa, musamman wasa mai ƙwallo 9, inda dole farar ta fara taɓa ƙwallon da ke ɗauke da mafi ƙarancin lamba. Manyan gasanni a tebur mai tsawon ƙafa 9 ake yin su, wanda ya saba da ƙananan teburanmu sai ya ga ramin ya yi masa nisa.

Ka nemi wasannin Efren Reyes na ƙasar Filifin a YouTube. Yana yaro a kan tebur yake kwana a gidan wasan kawunsa da ke Manila, sai ya taka akwatin lemo yake iya kai hannu, amma bai ci kofin duniya na mai ƙwallo 9 ba sai a 1999 a birnin Cardiff, yana da shekara 44. Shi ma cikin wasan kuɗi ya taso, wannan ɓangaren kada ka kwaikaya, haƙurinsa nake so ka gani.

Batun Baba kuwa, kada ka yi jayayya da shi, kuma kada ka ɓoye masa inda kake zuwa. Ni ban shawo kan nawa mahaifin da baki ba, sai da ya ga ana kiran salla ina ajiye sanda ko da ni ke kan bugu, kuma sana'ata ba ta tsaya ba. Bayan shekaru, Allah ya jiƙansa, da kansa ya ɗauki sandata ya jinjina nauyinta, ya tambaye ni nawa na saya.

Ka faɗa mini girman teburin da kuke bugawa, da ko kana da sanda taka ta kanka, sai in gaya maka atisayen da za ka fara da shi.