Ga 'yar'uwar da hoton kan ɗanta ya nuna fari-fari

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kin ce ɗanki mai shekara 7 yana faɗuwa, hoton CT ya nuna fari-fari kamar alli a tsakiyar ƙwaƙwalwarsa, maganin farfaɗiya kuma ya ƙi ci. Haka aka yi da 'yata, babu abin da ya bambanta.

Ki roƙi likita ya auna masa kalsiyam da fosfet da maganisiyam a jini, da kuma PTH, sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini. Mu shekara 3 muka yi ba wanda ya auna mana ko ɗaya.

Likitan farko ko ɗago kai bai yi ba. Na ce masa yatsun 'yata na haɗewa su ƙage, babban yatsa ya shige tafin hannu, tana kuma cewa leɓenta na mata kamar kiyashi na tafiya. Ya ce, "Hajiya, ke ce likita ko ni?" Ya ƙara mata fenobabiton, maganin farfaɗiya. Daga baya na ji wannan maganin na rage bitamin D, wanda jiki ke buƙata don samun kalsiyam, alhali ƙarancin kalsiyam ne ke damunta, wato muna ta ƙara wa wuta fetur. A gida kuwa surukata ta dage iska ce. Daren da ba na mantawa, yarinya na sandarewa a cinyata, numfashinta na fita kamar kukan zakara, ɗaki ya turnuƙe da hayaƙi, ana ce min ni na jawo don ina fita da ita da magariba. Har yau maganar nan na ci na.

Wata matashiyar likita ce ta gano, Allah ya saka mata. Ta ɗaura mata abin awon hawan jini, ta hura, cikin minti 3 hannun ya ƙage. Ta bayyana min cewa akwai 'yan ƙulli 4 a wuya, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, su ke fitar da PTH. Idan ya yi ƙaranci, kalsiyam ya faɗi a jini, fosfet ya hau, sai su dinga taruwa a ƙwaƙwalwa. Za ki ga an rubuta Fahr a takarda, sunan likitan Jamus ne da ya bayyana abin a 1930.

Akwai kuma irin wanda PTH ɗin na da yawa amma ƙoda ba ta jin kiransa. Yaronki gajere ne, mai kewayayyar fuska? Sa shi ya dunƙule hannu ki duba ko gaɓoɓin tushen yatsu biyun ƙarshe sun lotsa ciki.

'Yata na shan kalsiyam da kalsitiriyol, wani nau'in bitamin D, faɗuwa ta tsaya. Fari-farin dai ba ya gogewa, kar a yaudare ki. A duba masa yanar ido da ƙoda. Kar kuma ki yanke maganin farfaɗiyar da kanki. In sakamakon ya fito ki dawo ki faɗa mana, ina nan.