Rashin Barci Ne Ke Sa Ni Fushi, Ko Wani Ciwon Ne?

Tambaya: Likita, wata 3 ke nan ba na runtsawa sai wajen ƙarfe 2 na dare. Ina idar da sallar asuba nake komawa har hantsi, amma in tashi jiki a mace. Abu kaɗan sai in hau matata da faɗa. Ina cin goro, ina shan shayi da daddare. Ciwon damuwa ne?

Amsa: Sannu Malam. Kada mu yi saurin raɗa masa suna, mu fara duba agogon jikinka. A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kusan 20,000 da ke samun labarin haske daga ido. In duhu ya yi, sai a saki sinadarin melatonin, jiki ya soma laushi. In gari ya waye, sinadarin kotizol ya hau, mutum ya wartsake. Hasken safen da zai saita wannan agogo kuwa, kai a cikin bargo yake samunka. Ba ka ambaci waya ba, amma ina zargin haskenta da daddare.

Goron nan shi na fi tuhuma. Tun tashinka wani sinadari, adenosin, ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke kawo nauyin ido. Kafeyin da ke cikin goro da ganyen shayi yana tare masa gurbi, kuma bayan awa 5 kusan rabinsa na nan a jini. Wanda ya ɓare goro da magariba, ƙarfe 11 bai gama da shi ba.

Faɗan ma yana da tushe. In barci ya yi ƙaranci, sashen ƙwaƙwalwa da ke kula da tsoro da fushi yakan yi zafi, na gaban goshi da ke ja masa linzami kuma ya yi rauni. Sai maganar kuɗin cefane ta zama rigima.

Gwada wannan na mako 2: bayan asuba ka fita ka sha hasken safe, goro da shayi su tsaya daga azahar, ƙailula kada ta wuce minti 30. Babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9.

In ƙuncin bai sake ka ba, abinci ya fita ranka, ko ka ga kana kwana biyu ba barci amma ƙarfi kamar doki, ga surutu ga kashe kuɗi, je ka ga likitan ƙwaƙwalwa. In tunanin kashe kai ya taɓa zo maka, yau ɗin nan za ka je, tare da wani naka.