Kafin ka saida lens ɗinka, duba lambobin nan tukun

Wa alaikumus salam ƙanena, naga saƙonka da hotunan da ka turo. Tambayarka dai itace meyasa hotunan dabbobi da tsuntsaye suke fito maka dishi-dishi alhali na duwatsu da faɗuwar rana suna ɗan yin kyau, ko saboda lens ɗinka mai 70-300mm ne, ka saida shi ka tara kuɗi ka sayi mai 600mm. Amsar a taƙaice itace kar ka saida komai yanzu.

Na buɗe bayanan hoton barewar nan, ga abinda kyamararka ta rubuta: 300mm, shata 1/60 (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, kashi ɗaya cikin 60 na sakan), f/5.6 (faɗin ramin lens, ƙaramar lamba babban rami), ISO 100 (yadda kyamara ke ƙara wa hoton haske). Toh ai nan aka samu matsala. Shata 1/60 akan 300mm kuma a hannu kake riƙe da kyamara, ko dutse ka ɗauka sai ya yi rawa balle dabba mai kaɗa kunne tana taunar ciyawa. Tsohuwar ƙa'idar da aka koya mana itace saurin shata kar ya gaza tsawon lens ɗinka, idan kana kan 300mm to 1/300 shine mafi ƙaranci, kuma tunda kyamararka mai ƙaramin sensa ce (ɓangaren da hoton ke sauka a kai cikin kyamara) sai ka ninka da 1.5 (masu Canon da 1.6 suke ninkawa) kaga ya koma kamar 450mm kenan, wato kar ka sauko ƙasa da 1/500. Wannan fa maganin rawar hannunka kaɗai ya yi. Dabba tana tafiya ka kai 1/1000, tsuntsu a sama yana fiffike 1/2000 ko sama da haka, ƙananan nan masu saurin tsiya har 1/4000 ana kaiwa.

Nasan abinda zakace, ai lens ɗin yana da VR. Eh yana da shi, Canon su IS suke ce masa, amma aikinsa ya riƙe maka rawar hannu ne, baida ikon tsaida barewa. Mutane da yawa anan suke ruɗewa, suga ciyawa ta fito tas amma kan dabbar ya goge sai su zagi lens.

Sai maganar ISO wanda na lura duk yaran da suka fara da hoton biki ko situdiyo tsoronsa suke ji kamar me, an gaya musu 100 shine mai tsafta shikenan sun kafe akai. Yi lissafin da kanka. Daga 1/60 zuwa 1/1000 mataki 4 ne (125, 250, 500, 1000) kowane mataki yana rage rabin hasken dake shiga, to dole ka biya bashin a wani wajen, ISO ya tashi 200, 400, 800, 1600. Da ka ɗauki barewar nan a 1/1000 da ISO 1600 da haskenta ɗaya ne da wanda ka samu amma idonta garau. Yashi-yashin da babban ISO ke kawowa ana rage shi a kwamfuta, musamman in ka ɗauka a RAW (ɗanyen fayil da kyamara bata sarrafa ba), amma hoton da ya goge saboda motsi ba editin ɗin da zai dawo maka da gashin jikinta. Ni abinda nake yi, in sa kyamara a M (saitin hannu) in zaɓi shata da afaca, wato lambar f ɗin nan, da kaina in bar ISO a oto, in sa masa iyaka 3200 ko 6400 gwargwadon abinda kyamarar ke iya ɗauka. Kuma irin waɗannan lens na zum basu cika kaifi ba a ƙarshen 300mm in an buɗe su duka, in akwai haske ka rufe zuwa f/8 zakaga bambanci.

Fokas kuma fitar da shi daga AF-S (mai kamawa sau ɗaya ya tsaya) ka maida AF-C, a Canon AI Servo, saboda ya riƙa bin dabbar muddin ɗan yatsanka na kan maɓalli. Ɗigo ɗaya ka zaɓa ka ɗora akan ido. A hoton balbelar nan kyamara ce ka bari ta zaɓa maka sai ta kama reshen dake gabanta. In ido ya fito, ko jela ta ɓace ba wanda zai yi maka magana.

Yanzu bari in gaya maka abinda 600mm bazai gyara ba, shine ma dalilin da yasa nace ka dakata. Hotonka na uku da rana tsaka ka ɗauka kuma dabbar tana can nesa. Ƙasa in ta ɗau zafi iskar dake samanta rawa take yi, kawalwalniyar nan da kake hangowa akan kwalta, to ita ce tsakaninka da dabbar, duk girman lens abinda zai ƙaro maka girman rawar ne kawai. Babban lens an yi shi ne dan ka cika hoto da abinda yake kusa-kusa, ba dan ka jawo abinda ke bayan duniya ba. Ga nauyi, ga shi sai ka ƙara saurin shata, ga wahalar nemo tsuntsu a cikinsa in ba ka saba ba, kafin ka gano inda yake ya tashi.

Dan haka aikin na fita da wuri ne. Ka kasance ka riga ka zauna a wurin kafin rana ta ɓullo, daga fitowarta zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya zuwa faɗuwarta. Lokacin rawar iskar nan bata da yawa, hasken a kwance yake yana shiga idon dabba, kuma lokacin ne suke fitowa kiwo da shan ruwa. Kar ka bi dabba, kifi na ganinka mai jar koma, tun kafin ka hangota ta ji warinka. Nemo inda take zuwa, bakin ruwa ko bishiya mai 'ya'ya, ka zauna ta inda iska ke busowa daga wajenta zuwa wajenka, rana a bayanka ko gefenka, kaya marasa ƙyalli, ka yi shiru. Ka sauko ƙasa daidai idonta koda kwanciya zakayi, daga tsaye hoton kamar na mai leƙen rami yake fitowa kuma abinda ke bayan dabbar sai ya zama ƙasa tsagwaronta. Tsuntsaye manya kuwa nasu daban, suna fuskantar iska in zasu tashi ko sauka, in iskar tana bayanka to ta wajenka zasu fuskanto, kuma sau da yawa in kaga tsuntsu ya yi kashi ya ɗan duƙa to shirya yatsa.

Kusanta ɗin ma da iyaka dan Allah. A gandun Yellowstone na Amurka doka ce yadi 25 tsakaninka da yawancin dabbobi, yadi 100 in beyar ne ko kyarkeci, kusan mita 23 da 91 kenan, kuma kowane gandu da nasa dokar, abinda ɗan rakiya ya ce shi zakabi. Kar ka shiga tsakanin dorina da ruwa, kar ka shiga tsakanin uwa da ɗanta. In dabba ta daina cin abinci ta ɗago ta kafe ka da ido to ka matso da yawa, ja baya. Sheƙar tsuntsu kuwa ni bana zuwa kusa ma sam, uwar ta gudu rana ta kashe ƙwai akan hoto ɗaya. Haka saka abinci dan jawo dabba ko ɗaukar ta gida kace ta daji ce, a gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa an ƙwace kyautar wanda ya ci ta 2009 bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke tsallake ƙofa a hotonsa horarre ne.

Na shimfiɗar ƙasa da kace suna ɗan kyau, suna da kyau amma zasu fi haka, kuma komai nasu akasin na dabba ne. Dutse baya gudu, to dawo da ISO 100 ɗinka da kake so, ɗora kyamara akan mai ƙafa uku, f/8 ko f/11, sa taima na sakan 2 dan kar danna maɓalli ya girgiza ta, shata ya yi jinkirin da yaga dama. Kar ka rufe har f/22 wai dan komai ya fito, ramin in ya ƙanƙance da yawa haske bazuwa yake kaifin ya ragu. Sararin samanka a hoton faɗuwar ranar ya ƙone fari fat, riƙa duba histogiram (zanen da ke nuna rabon haske a hoton, duhu a hagu fari a dama), in ya jingina da bangon dama rage haske, inuwa ana ɗagota a RAW amma farin da ya ƙone ya tafi. Sannan gyara layin da sama ta haɗu da ƙasa, naka ya karkace hagu, ka kuma sa wani abu a gaba, dutse ko kututture ko hanya, wanda ido zai taka ya shiga ciki.

Ga aikin wannan satin. Ba sai ka je daji ba, duk tsuntsun da ke sauka kusa da kai ya isa, tantabara ma ta yi. Da safe, M, 1/2000, f/8, ISO oto, AF-C, ka sa harbi a jere. Ɗauki masu yawa ka zauna a kwamfuta ka buɗe kowanne 100% akan ido, ka ware 10 da suka fi ka turo min tare da 10 da suka fi lalacewa, kar ka goge bayanan kyamarar, marasa kyan nan nafi son gani.