Shago Ne Ke Ciyar da Jirgin Wasana: In Bari Ko In Mai da Shi Sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina da shagon kayan masarufi. Na daɗe da faɗawa harkar motoci da jiragen wasa masu rimot, ba irin na yara ba, irin waɗanda ake kwancewa a gyara a mayar. Yanzu ina da mota ɗaya da jirage biyu. Yawancin abokan da muke fita fili tare ma'aikatan albashi ne, kuma ina ganin kashe kuɗin bai dame su ba, ni kuwa duk wata sai na ga giɓi a shago. Shin in haƙura ne, ko in fara sayar da kayan gyaransu don abin ya riƙa ɗaukar nauyin kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zan ce maka ka bari ba. Mutumin da ke wuni a tsaye yana auna kaya yana ba da canji ya cancanci abin da zai wartsake da shi, kuma wannan sha'awar ta fi wasu da yawa tsafta. Amma giɓin da kake gani daga aljihun da kake ciro kuɗin yake. Kai da abokan nan naka fili ɗaya kuke zuwa, sai dai kuɗin hannunku ba iri ɗaya ba ne.

Ma'aikaci in albashi ya shigo ya san nasa ne duka. Zai cire na haya, na cefane, na makarantar yara, abin da ya rage in ya ga dama ya sayi batir da shi. In ya wuce gona da iri, kafin wata ya mutu zai ji a jikinsa, dole ya dakata. Albashin da kansa ke taka masa birki. Kai kuwa ba mai taka maka. Kuɗi na ratsa hannunka tun safe har dare, durowa a cike, amma mafi yawansu na kayan da za ka sake sarowa ne, wani kaso na masu binka bashi ne, ɗan abin da ya saura shi ne naka. Lokacin tashi daga shago, kana ƙirga cinikin ranar, ka tuna farfela ta karye, ka zari 'yan takardu biyu ka sa a aljihu kana cewa gobe ka mayar. Ba ka rubuta ba, goben ma ba ka mayar ba. A nan giɓin ke farawa.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, kai sai ka sa naka na gaskiya. A ce cikin kowane 100 na ciniki ribarka 10 ce. Batirin da kuɗinsa 100 ne, sai ka sayar da kayan 1,000 kafin riba ta biya shi. In kuwa daga uwar kuɗi ka zare, kuma kayanka na juyawa sau biyu a wata, wannan 100 ɗin da ya zauna a shago da ya riƙa kawo maka wajen 20 duk wata, wato kusan 240 a shekara. Abokinka mai albashi ya sayi batir iri ɗaya da naka, 100 kawai ya kashe. Kai ka kashe 100 ɗin, ka haɗa da ribar da zai haifa.

Harkar nan kamar riƙon doki ce, ba ranar saye ake gane mai iyawa ba, sai an zo ga harawa. Jirgi ya tashi lafiya, wajen sauka iska ta ɗan kaɗa shi, ya caka hanci a ƙasa. Ka je ka ɗauko: farfela ta rabe biyu, sandar inji ta lanƙwashe, batirin ya lotsa a gefe ɗaya. Shi wannan batirin ya tashi aiki ke nan, don batirin LiPo, wato irin batirin caji da jiragen nan ke amfani da shi, da ya lotsa ko ya kumbura ba a sake yarda da shi. Motar ma haka take, musamman mai girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na tsawon motar gaske, da aka fi yayi. Hannuwan da ke riƙe taya su ke fara karyewa, haƙoran giya su cinye, tayoyi su sude, ɗan injin da ke juya sitiyari ya ƙone. In ka sa mata injin lantarki marar burushi don ta ƙara gudu, ka ƙara wa kanka kuɗin gyara ne, don abin da da za ta buga ta wuce yanzu sai ta buga ta tarwatse. Mai injin naitiro kuwa, wato mai shan mai, ba a magana. Mansa haɗi ne na methanol da nitromethane da man shafawa, duk fita sai ka ƙona, ga fulogi da ke mutuwa ba sallama. A wasu ƙasashen akwai kuɗin ƙungiya da inshora da rajista. A Amurka, alal misali, hukumar kula da harkokin jiragen sama ta FAA na buƙatar a yi rajistar jirgin wasan da nauyinsa ya kai giram 250. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke rubuce a jikin kwalin ranar da ka saya.

Saboda haka abin da nake so ka fara yi ba shi da daɗi: ka yanka wa kanka albashi. Ka duba littafin shago na shekarar da ta wuce, ka nemo watannin da kasuwa ta fi kwanciya, ka ga ribar da ka samu a cikinsu. Da ita za ka auna albashin naka, ba da ta watannin da kasuwa ke ci ba. Daga wannan albashin, bayan gida ya tsaya da ƙafafunsa, ka ware wani kaso ƙayyadajje na wasa, ka zuba shi a wani asusu dabam da ba ya haɗuwa da na shago. Ba zan yanke maka ko kashi nawa ba ne, kai ka san nauyin da ke kanka. Ƙa'idar dai ɗaya ce: ranar da asusun ya ƙare, jirgi ya kwanta sai wani watan. In wata ya yi kyau riba ta haura, rarar ta koma jari tukuna. A ƙarshen shekara in lissafi ya nuna shago ya ƙaru, sai ka yi wa kanka kyautar sabon jirgi da zuciya ɗaya. Bashi kuma, ko na biya kaɗan-kaɗan ne, kada ka ci shi a kan abin da zai iya dagargajewa cikin daƙiƙa biyu.

Akwai wani kuɗin da ba ka ambata ba, shi ne lokaci. Na lura irin aikin mutum ya fi yawan kuɗinsa tsara masa yadda zai yi wannan wasan. Mai babban albashi da ba ya samun sukuni yakan sayi wadda aka gama haɗawa, ya buɗe kwali ya tuƙa, in ta lalace ya sayi sabon sashe ya ɗaura, don ba shi da daren da zai zauna yana liƙi. Ɗan fansho yana da lokaci fiye da kuɗi, shi ne za ka ga ya share watanni yana haɗa jirgin katakon balsa ƙashi-ƙashi. Mai gyaran waya ko mai aikin lantarki ya fi kowa morewa, don abin da wani zai jefar shi da dalma da gam zai tashe shi, hannunsa ya tsaya masa a madadin aljihu. Ɗan kasuwa ne ke cikin tsaka mai wuya. Lokacin da kasuwa ke ci akwai kuɗi babu lokaci, sai ya huce haushin rashin fita da sayen sabbin kaya. Lokacin da ta kwanta ga lokaci har ya yi yawa, sai ya yi ta fita yana fasawa, alhali a sannan ne ba kuɗin gyara. Ranakun hutun da abokanka ke fita kuma, ba mamaki su ne ranakun da shagonka ya fi cika. In ka rufe rabin yini ka bi su, ribar rabin yinin nan ma ka rubuta ta a littafin wasa.

Tunda kuɗinka hawa da sauka yake yi, ka tsara kayan wasanka su zama masu jure zaman jira. Mota ɗaya da jirage biyu ba su yi yawa ba, in har ba kowanne da nasa rimot da nasa irin batir ba. Rimot mai kyau guda ɗaya na zangon 2.4GHz yana riƙe saitin jirage da yawa a cikinsa, sai dai ka sayi 'yar na'urar karɓar saƙo ga kowane jirgi. Ka tsaya a girman batir ɗaya da bakin jona ɗaya, caja ɗaya ta wadatar. Ka riƙe samfurin da ya yaɗu, wanda kayan gyaransa ke ko'ina, irin motar Traxxas Slash da ta fito tun 2008 ko Tamiya TT-02 ta 2013. Mota mai arha da ba a san kamfaninta ba, ranar da giya ɗaya ta cinye ta zama kayan ado. Jirgin soso mai tauri in ya karye gam ke ɗinke shi. Sabon salon tuƙi kuma ka fara gwada shi a manhajar koyon tuƙi ta kwamfuta, irin RealFlight, inda faɗuwa kyauta ce. Na hannu ba laifi, sau da yawa ma wurin masu kuɗin da suka saya da zumuɗi suka gaji ake samun garaɓasa, amma ban da batir, don ba ka san wahalar da ya sha ba.

Kan batir ɗin bari in ɗan tsaya, don nan ne mai shago ke asara ba tare da ya fita fili ba. Kowane ɗaki na batirin LiPo, wato ƙananan baturan da aka harhaɗa a cikinsa, yana cika ne a bolt 4.2, kuma in za a ajiye shi ana so ya zauna wajen 3.8. Ka yi caji da niyyar fita, kasuwa ta riƙe ka mako uku, batirin na nan a cike yana cin kansa har ya kumbura. Yawancin cajoji masu kyau suna da saitin ajiya, ka yi amfani da shi. Kuma don Allah kada ka jona shi a shago cikin kwalaye ka tafi. Irin batirin nan in ya kama da wuta ba ya jin rarrashi, kuma jarinka ne jibge a gefensa.

Sai batun sayar da kayan gyara. Gaskiya ban goyi bayan ka zuba jari a ciki ba, aƙalla ba yanzu ba. Kai ka saba da kayan da ke fita kullum, wannan kuwa kaya ne mai nauyin ƙafa. Kowace mota da nata lambobin kayan, hannun tayar wannan ba ya shiga waccan, don haka kafin ka iya cewa "akwai" ga duk wanda ya tambaya sai ka tara ɗaruruwan ƙananan abubuwa, mafi yawansu su yi kwantai. Kamfani ya fito da sabon samfuri, na hannunka ya zama tsohon yayi. Batir yana tsufa ko a kan kanta yake, kuma jigilarsa na da tsauraran dokoki saboda ana lissafa shi cikin kaya masu haɗari. Masu sayen ba su da yawa, sun san farashi a intanet kamar yadda ka sani, kuma rabinsu abokanka ne da za su ce ka ba su zuwa ƙarshen wata. Ko manya ba su tsira ba: kamfanin Hobbico na Amurka, ɗaya daga cikin manyan dillalan kayan nan, bashi ya durƙusar da shi a 2018, har Horizon Hobby ta sayi sashensa na kayan rimot, ciki har da motoci masu tambarin Arrma da Axial. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne babban kwastoman da za ka samu kai ne da kanka, kuma kwastoma ne da ba ya biya.

In duk da haka ranka na so, ka gwada ta hanyar da ba ta taɓa shago. Ka zama mai haɗa oda: abokai su faɗi abin da suke so, kowa ya ba da kafin alƙalami da ya kai kuɗin kayan, ka haɗa a turo gaba ɗaya kuɗin jigila ya ragu, ka ɗora ladanka a fili kowa ya sani. Abin da za ka ajiye da kuɗinka bai wuce waɗanda ke ƙarewa kullum kuma ba sa lalacewa a ajiye ba, su farfela, gam, ƙananan kusoshi da bakin jona. In hannunka ya faɗa da gyara, ladan gyara ya fi sayar da kaya tsafta, don ba ya cin jari. Ka buɗe wa wannan littafi dabam, duk abin da ka ɗauka don kanka ka biya shi daga asusun wasa a farashin da kake sayar wa kowa. Ka ba shi wata shida. In littafin ya nuna riba bayan ka cire jigila da kwastan da lokacin da ka ɓata, sai ka sake rubuto min da alƙaluman mu duba ko ya kai a ware masa kanta guda.