Oga, wannan kiɗan gwaninta ce ko shirme?

Na ga saƙonka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Kace ka saurari wani faifan haɗaka na Turawa, irin wanda ake tara mawaƙa daban-daban kowa ya sa waƙa ɗaya don a ɗanɗana, duk kiɗan zamanin da na Turai ne, na lokacin mahaya masu sulke da kwalkwali, amma an cusa abubuwan ban dariya a ciki, kukan zakara, ƙarar ƙofa, wani yana tari a tsakiyar waƙa, kuma masu yin suna cewa wai daga finafinan suriyalizim, masu tafiya kamar mafarki, suka samo salon. Wasu abokanka sun ce basira ce, wasu sun ce ɓata data ne kawai, kai kuma kana tambaya ko zaka iya buɗe FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ka zuba duk abin da hannunka ya kai a ce kaima ka yi irinsa.

Toh amsa a taƙaice, a'a, bazaka iya ba tukunna. Zauna in gaya maka dalili.

Fara da kiɗan kansa. Zamanin da ake magana wajen shekara ta 500 ne zuwa 1500 a Turai, kuma babu wanda yake raye da ya taɓa jin yadda suke kiɗa, babu rikodin, yawancin abin da ya rage rubutu ne a fata da zane-zane da gumakan bangon coci. Rubutun ma yawanci karin waƙar kaɗai yake nunawa, baya cewa ga kayan kiɗan da za a buga, wani lokacin ko saurin bugun baya fayyacewa. Akwai wani kundi na Sarki Alfonso na 10 na Kastila, a ƙasar Sifen ta yanzu, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, waƙoƙi sama da 400 ne a ciki tare da zanen makaɗa riƙe da kayansu, har da wani zane na Musulmi da Kirista suna kaɗa molo tare, daga irin waɗannan zanen ne masu sassaƙa na yanzu suke kwaikwayon kayan. Kaga kenan duk wanda ka ji yana wannan kiɗan a yau rabi ilimi ne rabi kintace. A shekarun 1960 wani Ba'amurke Thomas Binkley da ƙungiyarsa a birnin Munich na Jamus sai da suka saurari makaɗan Andalus na Maroko suka aro salonsu don cike giɓin. A Landan kuma David Munrow ya kafa tasa ƙungiyar a 1967, shi ya sa wa abin zafi da hayaniya har matasa suka fara saurare.

Shi yasa ni bana ɗaga hankali in an ce wai wannan faifan bai bi asali ba. Wane asalin? Amma akwai abin da kunne yake kamawa ya ce wannan tsohon kiɗa ne, kuma shi nake so ka koya kafin ka fara wasa da shi.

Na farko amo ɗaya da yake kwance a ƙasa baya motsi, daga farkon waƙa har ƙarshe, karin yana yawo a samansa. Kai ka saba da kod huɗu, wato notocin da ake dannawa tare, suna zagayawa, ka danna wannan ka koma wancan, to cire hannunka daga nan gaba ɗaya, ka riƙe notocin D da A kawai, banda na tsakiyarsu, wato F, don wannan na tsakiyar shi ke sa kunne ya ji waƙar zamani. Sannan ka buga karin a fararen maɓallan kibod kaɗai kana farawa daga D kana dawowa D. Gwada yanzun nan kaji, nan take ɗakin zai canza. Suna da wani abin kiɗa da ake murza hannu kamar na keken ɗinki, faifan katako da aka shafa wa ƙaro yana gogar tsirkiya ba tsayawa, tsohon samfurinsa ma mutum biyu ke bugawa, ɗaya na murzawa ɗaya na jan maɓallai, an sassaƙa su a ƙofar cocin Santiyago a Sifen tun ƙarni na 12. Daga irinsa wannan gunjin, wato amon nan da baya motsi, yake fitowa.

Sai abin busarsu mai tsananin ƙara wanda suke kira shom. Wannan kam ba baƙonka bane, dangin algaita ne, kara biyu ne a baki suke karkarwa, don waje aka yi shi, don fada da taro. Molonsu ma sunansa daga udu na Larabawa ya fito. In kana so ka san yadda za ka zaunar da shom a cikin miksin, tuna yadda algaita take tsaga ganguna a hawan sallah, ba ta neman izini, in ka lallaɓa ta ka rage mata kaifi ka kashe ta. Ka ɗan sassauta wajen da take soke kunne kawai ka bar ta.

Wani abu da yake bani dariya, yawancin waɗannan faifan suna cika waƙa da wani abin busa mai lanƙwasa kamar sandar tsoho mai kukan agwagwa, da wani kakan piyano mai fizgar tsirkiya, alhali su biyun tashensu daga baya ne, ƙarni na 16 zuwa sama. Babu wanda zai kama ka, finafinai sun riga sun koya wa mutane cewa haka zamanin yake. Amma kai ka sani.

Yanzu ɓangaren fim ɗin, nan ne abokanka suka ruɗe. Suriyalizim a Paris aka kafa shi, André Breton ya fitar da takardar manufarsu a 1924, burinsu su kawo yadda mafarki yake tafiya cikin zane da rubutu da fim. A 1929 Luis Buñuel da Salvador Dalí, dukkansu 'yan Sifen, suka yi wani gajeren fim mai suna Un Chien Andalou, ko minti 20 bai cika kirki ba. A cikinsa gajimare ya ratsa wata, sai reza ta ratsa ido, idon mataccen maraƙi ne suka yi amfani da shi amma wallahi har yau mutane na kau da kai. Tururuwa na fitowa daga tafin hannu. Mutum na jan piyano biyu da matattun jakuna a kai. A rubuta maka bayan shekara takwas, alhali ba abin da ya nuna an yi ko kwana ɗaya.

Abin da nake so ka lura da shi, doka suka sa wa kansu, duk hoton da ɗayansu ya kawo in yana da bayani na hankali sai a jefar. Wato zama suka yi suna tacewa suna ƙin karɓa, wanda yake zuba duk abin da ya zo masa baya jefar da komai. Kuma kalli yadda aka ɗauki fim ɗin, ɗaki ɗaki ne sosai, ƙofa ƙofa ce, hannun hannu ne na gaske, haske daidai, yankan hoto daidai kamar kowane fim na lokacin. Don komai yana zaune daram shi yasa tururuwar take tayar maka da tsigar jiki. Da ace bango na narkewa, kyamara na rawa, mutane na tafiya da ka, da tururuwar bata dami kowa ba, ta ɓace a cikin tarkace. Fim ɗin ma ba shi da sauti, Buñuel ne ya tsaya bayan allo da garmaho yana sa faifan kiɗan Bajamushe Wagner mai nauyi, sai ya canza zuwa tango na rawa na Ajantina, ya sake komawa. Kiɗa biyu ne kacal, kowanne lafiyayye, haɗa su ne ya zama abin mamaki.

To haka waƙoƙin da suka yi kyau a faifan naka suke, je ka sake saurare da hedifon. Zaka tarar mai waƙar ya gina cocin dutse a kunnenka tsaf, gunji a ƙasa, muryoyin maza suna tafiya tare, amsa-kuwwa doguwa ta daƙiƙa huɗu ko biyar, ka sake jiki ka yarda kana can, sannan sai wayar tarho ta yi ƙara. Abu ɗaya. Kuma dabarar da ba kowa ke ganewa ba, wayar ma a cikin cocin take ringin, ya tura ta cikin amsa-kuwwa ɗaya da muryoyin, shi yasa kake jin kamar wani ruhubani ne zai sa hannu a aljihu ya ɗaga. In ka bar ta a bushe a saman miksin, kowa zai ji cewa manna ta aka yi a kwamfuta. Waɗanda basu yi kyau ba kuwa, su ne masu zakara da tari da ƙofa da kuwwa duk a cikin daƙiƙa goma, abokanka da suka ce ɓata data ne ina jin waɗannan suka fara cin karo da su, kuma ban ga laifinsu ba.

Barkwancin ma aiki ne. Fim ɗin 'yan barkwancin Monty Python na Ingila na 1975 a kan Sarki Arthur, kuɗin hayar dawakai ne babu, sai suka sa bawa yana bin sarki a baya yana buga ɓawon kwakwa biyu, sarki na sukuwa da ƙafa fuskarsa a murtuke. Ɓawon kwakwa tsohuwar dabarar masu wasan rediyo ce ta yin ƙarar kofato, su kawai fito da ita suka yi gaban kyamara. Amma kayan jikinsu, laka, hazo, kiɗan jarumta mai kauri, duk da gaske aka yi su, babu mai murmushi. In kana son ka ji iyakar abin da sauti kaɗai zai iya, nemi dogon fim ɗin David Lynch na farko na 1977, shi da Alan Splet suka haɗa sautin, wani gurnani ne kamar na masana'anta kwance a ƙarƙashin kusan kowane fage, ba ka lura da shi sai ya ɗauke.

Matsalar da zaka fara haɗuwa da ita a naka aikin ita ce samfurin sauti. Ka sauke fakitin kayan kiɗan da, ka zana notoci da linzami duk tsayi ɗaya ƙarfi ɗaya, sai ya fito tatatata kamar injin markaɗe, don sautin da aka ɗauka guda ɗaya ne yake ta maimaituwa. Buga da hannunka a kibod ko da zaka yi kuskure, kar ka ja komai ya hau layi ɗari bisa ɗari, bar mai busa ya yi numfashi, in jimla ta yi tsayin da ɗan adam bazai iya busawa ba yanke ta. Ganga kuma ƙaramar ganga ta hannu da kacau-kacau sun isa. Ka cire kik ɗin nan naka, bugun babbar ganga mai girgiza sifika, na san hannunka na ƙaiƙayi. Masu juya waƙoƙin zamani zuwa salon da, waɗanda suka cika YouTube a 2020 lokacin kullen korona, da yawansu nan suka faɗi, kayan kiɗan tsoho amma ƙashin bayan waƙar na disko.

Sai maganar haƙƙi, kar ka ce ban gaya maka ba. Karin waƙar da aka rubuta shekara 700 da suka wuce ba na kowa bane, ɗauka ka buga abinka. Amma rikodin da wata ƙungiya ta shiga sutudiyo ta yi nata ne. Wasu mawaƙa masu suna Enigma sun fitar da waƙa a 1990 da muryoyin waƙar coci a kan bit, ta zaga duniya, muryoyin kuwa daga faifan wata ƙungiyar mawaƙa ta Munich aka yanko ba izini, aka kai ƙara, sai da aka sasanta da kuɗi. Kai da ko kuɗin lauya baka da shi, tara yara uku a sutudiyo su rera maka, ka ninka muryoyin.

Ga aikinka na wannan satin. Minti biyu, gunji a D da A, kari ɗaya, abin busa ɗaya, ƙaramar ganga. Sai ya zama in na rufe ido zan yarda da wajen. Bayan nan ka zaɓi baƙon sauti guda ɗaya tak wanda ka ɗauka da wayarka, ba na intanet ba, ka nemo inda zai shiga, ka tura shi cikin amsa-kuwwar ɗakin. Ka turo min guda biyu, mai baƙon da marar shi, ranar Asabar in Allah ya kai mu. Kuma ka naɗe wayoyin makirfo ɗin nan da ka bari a ƙasa kafin ka kulle shago.