Tambaya da Amsa: Tsohuwar kwamfutata za ta ɗauki Windows 11 kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ina ajin ƙarshe, kwamfutata HP EliteBook 840 G3 ce ta hannu na saya, Core i5 ram 4, Windows 10 ce a kai. To kwanan nan sai ta riƙa fito min da saƙo wai Windows 10 ta daina samun kulawa, na je zan ɗora 11 ta ce wai ba ta cika sharuɗa ba, amma wani mai gyara ya ce in kawo kawai yanzun nan zai ɗora min. Ga furojet ɗina duk a ciki, ga ta da nauyi kamar me, wallahi sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. Dan Allah za ta ɗauka ko dole sai na sayi wata? Wani ɗalibi daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar furojet. Daga kwamfutar har mai gyaran babu wanda ya yi maka ƙarya. Ƙarfin ɗaukar Windows 11 tana da shi, Microsoft ne dai ba su sa ta a lissafi ba, kamar mota ce injin lafiya lau amma takardunta ba su cika ba.

Lokacin da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 sharuɗan da aka gindaya ba wani abin tsoro ba ne a ido: ram giga 4, wurin ajiya giga 64, Secure Boot (tsarin tsaro ne na lokacin da kwamfuta take tashi), sai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Inda aka kayar da yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu shi ne furosesa, don cewa suka yi in Intel ce sai daga zubi na 8 zuwa sama, in AMD ce daga Ryzen 2000. Taka kuwa 'yar 2016 ce, in ka duba za ka ga i5-6200U ko i5-6300U, wannan 6 ɗin na farko shi ne zubin, ka ga da saura biyu ke nan. Su Microsoft hujjarsu tsaro ce da kuma wai a gwajin da suka yi kwamfutocin da ba su cika sharuɗa ba sun fi yawan faɗuwa da kashi 52 cikin ɗari. To mun ji. Amma ni dai a ganina ga mai buga Word da duba PDF da shiga Chrome, tazarar zubi na 6 da na 8 ba ta kai a ce mutum ya yar da kwamfutarsa ba.

Abin da mai gyaran zai yi ba sihiri ba ne, wata 'yar manhaja ce Rufus, da ita ake haɗa filashin Windows, tana da wurin da za ka danna ta tsallake binciken waɗannan sharuɗan, shi ke nan sai ta hau. Kuma za ta yi aiki. Sai dai abin da ba zai faɗa maka ba shi ne Microsoft sun rubuta ƙarara cewa ba su yi alƙawarin ofdet ga irin wannan kwamfutar ba, a aikace ƙananan ofdet na wata-wata suna zuwa, amma babban na shekara ba ya zuwa da kansa, kuma kowane fitowa na Home da Pro wata 24 kawai ake kula da shi, to ka ga bayan wani lokaci sai ka sake komawa wurinsa ko ka koyi yi da kanka. Sannan ka kula da irin Windows ɗin da zai sa maka, wasu suna yawo da wata da aka yi wa kwaskwarima ana ce mata "mara nauyi", an cire mata Defender, wato antibairos ɗin Windows, an toshe ofdet, ba ka san me aka cusa a ciki ba. Ka ce ta shafin Microsoft kake so, ko da kai za ka sayi datar, ta haura giga 5. Lasisin Windows 10 ɗinka in na gaske ne zai yi aiki a 11, kar a caje ka kuɗin "aktibeshan".

Yanzu maganar nauyin, wanda ni shi ya fi damuna. Windows 11 ba za ta rage maka shi ba ko kaɗan, da ram 4 ma sai dai ta ƙara. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka kalli Disk. In ka ga an rubuta HDD kuma layin yana manne a 100% alhali ba abin da ka buɗe, to ga ɓarawon nan. Tsohon had dis faifai ne ke juyawa a ciki, in ka kara kunne ma za ka ji yana ƙir-ƙir. Ka sa SSD, wato ma'ajiyar zamani marar faifai mai sauri, ko na giga 256 ne, ka ƙara ram ya zama 8, G3 tana da gurbin ram biyu na DDR4 kuma galibi ɗaya a sake yake. Kafin ka ɗauko buta ta gama buɗewa. Kuɗin waɗannan biyun bai kama ƙafar kuɗin wata kwamfutar ba.

Shawarata kar ka taɓa Windows ɗin sai ka kare furojet an sa hannu. Windows 10 ba mutuwa ta yi ranar 14 ga Oktoba 2025 ba, ofdet na tsaro kyauta aka daina ba ta, kuma akwai shirin Microsoft na ci gaba da ofdet ɗin tsaro, ESU, da ya ƙara wa mutane wa'adi zuwa 13 ga Oktoba 2026, sharaɗin dai ta kasance 22H2 ce, wato fitowar ƙarshe ta Windows 10, kuma ka shiga da akawun ɗin Microsoft, a Windows Update za ka ga wurin rajista. Rubuta winver a wurin bincike za ka ga wacce kake da ita. Kuma yau ɗin nan, ba gobe ba, ka tura furojet ɗin imel ɗinka ka kuma kwafa a filash, don yawancin masu gyara fomatin suke fara yi kafin su tuna su tambaye ka. In batirinka ya mutu kuma kar a fara ɗorawa sai an tabbatar da wuta.

In kuma daga baya sayen wata za ka yi, kar "Core i7 ce fa" ta ruɗe ka, akwai i7-3520M 'yar 2012 wadda i5-8250U ta fi ta nesa ba kusa ba. Sunan kwamfutar ma bai isa ba, EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 da ThinkPad T480 duk akwai masu zubi na 8 akwai masu na 7, jiki iri ɗaya. A gaban mai shagon ka kunna ka shiga About a cikin Settings ka karanta lambar furosesar da idonka.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi, kwamfutocin tebur uku ne Core 2 Duo ram 2, Windows 7. Word da CorelDraw muke yi suna aiki lafiya, amma Chrome ta daina ofdet wasu shafukan ba sa buɗewa daidai, yarona ya ce mu sa musu Windows 11. Ya kake gani? Mai shago daga Gusau.

Amsa: Barka kadai Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. A gaya wa yaron ya haƙura, wannan kam ko Rufus ba za ta cece su ba. Daga fitowar 24H2 ta 2024, Windows 11 tana buƙatar wasu umarni a cikin furosesa, POPCNT da SSE4.2, Core 2 Duo kuma babu su a jikinta, ko an ɗora ba za ta tashi ba sam. Windows 7 tun Janairun 2020 aka sallame ta, Chrome kuma ta tsaya mata a lamba 109 a farkon 2023, shi ya sa shafukan suke maka gardama kuma abin ƙaruwa zai yi.

Ni da ni ne, biyu zan bar su yadda suke in cire musu intanet gaba ɗaya, su ci gaba da taifin da Corel tunda suna kawo kuɗi, sai dai a kula da filashin kwastomomi don ta nan bairos ɗin nan mai mayar da fayil shotkot yake shigowa. Aikin intanet kuwa, rajista da shiga akawun ɗin mutane da biyan kuɗi, bai kamata a yi shi a Windows 7 ba, amanar bayanan mutane ce a hannunka. Akwai Linux Mint Xfce, madadin Windows ce, kyauta ce kuma tana tashi da ram 2 ko da yake 4 ta fi so, burauzarta na zamani ne, za a iya sa wa ta ukun don shiga intanet kawai, amma CorelDraw ba ta hawa kanta kuma LibreOffice, wadda ke madadin Word a kanta, takan ɗan karkata tsarin takardar Word, kwastoma mai tebur a cikin takarda zai yi ƙorafi. In aljihu zai iya, gara a nemi ɗaya ta hannu mai zubi na 8 irin su Dell OptiPlex 3060, da SSD da ram 8, ita ce za ta riƙe intanet ɗin. Kafin a biya a duba shafin kamfanin firintar a ga ko tana da direban Windows 11, don wasu tsofaffin firintoci a Windows 7 direbansu ya tsaya.