Tambaya da Amsa: Gardamar siyasa a waya ta hana ni barci, in goge Facebook ne?

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato rigimar siyasa a waya da abin da take bari a zuciya bayan an kashe data. Na zaɓi huɗu. Masu tambaya kan batirin da ke kumbura da katin ajiya da ya ƙi buɗewa, ku yi haƙuri zuwa mako mai zuwa.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni malamin firamare ne a Tudun Jukun. Tun da aka cire tallafin mai, kusan kullum bayan isha'i nake shiga Facebook mu yi ta kai ruwa rana da masu kare gwamnati. Sai in kai ƙarfe ɗaya na dare zuciyata na tafasa, da safe in shiga aji da ciwon kai. Uwargida ta ce in goge manhajar. Ni kuma gani nake in na yi shiru na bar wa maƙaryata fili. Mene ne shawararka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Uwargida ta ga ciwon daidai, amma ban goyi bayan maganin da ta rubuta ba. Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin wayar.

Abin da kake gani a shafinka ba a jere yake bisa lokacin da aka rubuta shi ba. Akwai lissafin da ke ba kowane rubutu maki, wanda ya fi maki shi ake turo maka sama. A Janairun 2018 kamfanin ya sauya wannan lissafi, ya ƙara wa sharhi da amsar sharhi nauyi. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyarsa, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida, aka ga cewa akwai lokacin da alamomin nan na fuska, har da jar fuskar fushi, ke da maki biyar yayin da danna alamar yatsa ke da maki ɗaya. Daga baya sun janye wa alamar fushi wannan nauyi, amma tushen bai sauya ba: rubutun da ya tara cacar baki shi ne ke yawo. Lissafin bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba. Duk amsar da ka mayar wa wanda kake kira maƙaryaci, ka ƙara wa rubutunsa ƙafa ne, a kai shi gaban mutanen da da ba za su gan shi ba. Sannan wayar ta yi ƙara ta kira ka ka dawo.

To amma gardamar kanta ba baƙuwa ba ce a garin nan. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma wasiƙun masu karatu na cikin abin da ya raya ta. A nan Hajiya Gambo Sawaba ta yi ta shiga kurkuku tana fita saboda jam'iyyar NEPU, ba ta rufe baki ba. Waɗanda suka yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru zamanin Dakta Bala Usman har yau suna ba da labarin muhawarorin da ake cika ɗaki a kansu. Don haka ba zan ce wa malamin makaranta ɗan Zariya ya daina magana kan kuɗin mota da farashin masara ba.

Ka duba majalisar da ake zama a ƙofar gida ko teburin mai shayi a Kwangila. Ana musu har jijiyar wuya ta tashi, amma akwai abu biyu da ke tsare mutane. Na farko fuska: kana kallon mutumin, ka san mahaifinsa, gobe za ku haɗu a jana'iza. Na biyu lokacin tashi: za a kira salla, ko mai shayi ya kife kofuna. Waya ba ta da ko ɗaya. Fuskar ba za ka iya sa mata ba, amma lokacin tashi kai za ka sa da hannunka.

In Android ce a hannunka, irin su Tecno da Infinix da Samsung, shiga saitin waya ka nemi Digital Wellbeing. A ciki za ka ga mintocin da kowace manhaja ta ci maka yau. Ka daure ka kalli lambar. Sai ka sa wa Facebook iyaka, a ce minti 40 a yini. In sun cika, tambarinsa zai dushe, ba zai buɗu ba sai gobe. A wuri guda akwai tsarin lokacin barci da ke mayar da fuskar waya fari da baƙi ya kuma yi shiru da saƙonni. Sa shi ƙarfe goma. A iPhone sunan abin Screen Time. Bayan haka, duk rubutun da ka yi sharhi a ƙarƙashinsa, danna ɗigo ukun da ke samansa ka kashe sanarwarsa, don kada kowane sabon sharhi ya janyo ka. Cajar kuma a bar ta a falo.

Ni dokar da nake bi ita ce amsa uku. Ka faɗi hujjarka, ya mayar, ka ƙara bayani, ya mayar, ka rufe da ta uku. Abin da ya biyo bayan nan da wuya ya zama ilimi, yawanci kare girma ne. Kuma ka tuna ba abokin gardamar kaɗai ke karantawa ba. Akwai mutane da yawa da ke bi shiru ba sa cewa uffan, cikinsu har da iyayen yaran da kake koyarwa. Su ne masu sauya ra'ayi, kuma abin da ke jan su shi ne wanda ya kawo lamba da kwanan wata cikin natsuwa.

TAMBAYA: Malam, ni ce na buɗe guruf ɗin danginmu a WhatsApp don zumunci da sanarwar biki da rasuwa. Tun zaɓen 2023 kawuna da ƙanena suka mai da shi filin daga. Kawu ba ya rubutu, sai saƙon murya na minti bakwai. Mutum biyar sun fita. Ba zan iya cire kawuna ba. Daga wata 'yar'uwa a Samaru.

AMSA: Hajiya, kada ki cire shi. Siyasa za ta wuce, kawu yana nan kawu. Ki buɗe guruf na biyu, ki sa masa suna ƙarara, misali Majalisar Siyasa, ki ba kawu shugabancinsa. Girma kika ba shi, kuma kin raba hatsi da tsakuwa. Amma kafin ki taɓa waya, ki je gidansa ki gaishe shi ki faɗa masa da baki, ko ki sa wani babba ya faɗa. In ya fara ganin abin a waya, zai ɗauka kora ce.

A guruf na asali kina da makamai a matsayinki na mai kula. Kina iya goge saƙon kowa ya ɓace wa kowa. In wuta ta tashi, ki shiga saitin guruf ki mayar da shi masu kula kaɗai ke iya tura saƙo, na kwana ɗaya ko biyu, har a huce. Waɗanda suka gaji kuma ki gaya musu ba sai sun fita ba: suna iya kashe ƙarar guruf na awa 8, ko mako guda, ko har abada, su tura shi ma'ajiya ya bar gaban ido.

Abu ɗaya da zan roƙa ki sa a dokar duka biyun: duk saƙon da ya zo da alamar kibiya biyu, wato an yi ta tura shi hannu zuwa hannu, kada a sa shi sai an faɗi inda ya fito. Rabin faɗan dangi daga irin wannan yake tashi, tsohon bidiyo na wata ƙasa a ce jiya ne a Kaduna. In hoto ne, manhajar binciken hoto ta Google Lens za ta nuna miki wuraren da ya taɓa fitowa cikin daƙiƙu.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Kongo, nan Zariya. Na yanke shawarar share duk wanda ba ɗan tafiyarmu ba daga abokaina. Akwai hanyar yi gaba ɗaya?

AMSA: Ƙanena, babu maɓalli ɗaya da ke yin haka, kuma na ji daɗin rashinsa. Kafin ka fara, ka raba mutanen gida uku. Akwai mai zagi, wanda ba ya iya jimla biyu sai ya taɓo iyaye ko addini ko ƙabila. Wannan ka toshe shi yau, ba ya bin ka bashin komai. Akwai sojan baka, wanda kalmominsa iri ɗaya ne da na wasu shafuka ashirin, an buɗe shafin watanni kaɗan da suka wuce, babu hoton biki ko na suna, sai na ɗan takara. Shi aiki yake yi, ba za ka canja masa ra'ayi ba domin ba nasa ba ne. Ka wuce kawai. Na uku shi ne wanda ka sani, mai hankali, wanda ya duba abin da ka duba ya ga daban. Wannan dukiya ce, kada ka yar.

Ba ina cewa yawan ganin ra'ayin ɗaya ɓangaren na sanyaya zuciya ba. A 2018 masu bincike ƙarƙashin Chris Bail na Jami'ar Duke a Amurka sun biya masu amfani da Twitter su bi wani shafi da ke turo musu maganganun ɓangaren da suke adawa da shi har wata guda. Sakamakon ya ba mutane mamaki: 'yan jam'iyyar Republican da suka bi shafin sun ƙara ƙanƙame ra'ayinsu ne. Watsa wa mutum maganar abokan hamayya daga bakin baƙi ba ya gyara komai. Abin da na ga yana aiki shi ne mutum ɗaya da kake jin nauyinsa.

Ni kaina akwai wani mai gyaran waya a PZ da ba mu taɓa zaɓen jam'iyya ɗaya ba. Wata rana na sa wani adadi kan bashin da ake bin jiha, na ɗauko shi daga wani rubutu ban bincika ba. Waɗanda muke tafiya tare duk suka yi ta yabawa. Shi bai ce komai a fili ba. Da na je karɓar wata waya, yana riƙe da ƙarfen narka dalma, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Malam, lambar nan taka ta jiya, ka haɗa bashin cikin gida da na waje sau biyu." Na koma na duba, gaskiyarsa ce. Na gyara a daren. Da na share shi tun farko, da har yau ina yawo da kuskuren.

In irin wannan mutumin ya ishe ka a lokacin zaɓe, danna ɗigo uku a saman rubutunsa ka dakatar da ganinsa na kwana 30, abin da aka rubuta Snooze. Ko ka daina bin sa, abotar na nan, shi kuma ba za a sanar da shi ba.

TAMBAYA: Na yi wa wani ɗan siyasa zazzafan sharhi, na goge bayan awa ɗaya. Yanzu wani ya turo min hoton sharhin yana cewa zan gani. Daga wani matashi a Gyallesu.

AMSA: Gogewa tana cire rubutu daga shafi ne kawai, hoton da wani ya ɗauka yana wayarsa. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana da sashe na 24, wanda aka sha kama masu rubutu da 'yan jarida da shi. An yi masa gyara a 2024 an rage faɗinsa, amma barazana da yaɗa abin da ka san ƙarya ne don tada hankali suna nan a matsayin laifi, ga kuma dokar ɓata suna. Sukar aiki daban, ƙaga wa mutum laifi daban. In abin da ka rubuta zargi ne da ba ka da hujjarsa, ka nemi lauya tun yanzu, kada ka jira.

Shi kuma mai cewa za ka gani, kada ka amsa masa ko da kalma ɗaya. Ka ɗauki hoton saƙonsa yadda sunansa da lokaci za su fito, ka kwafi adireshin shafinsa ka adana, ka nuna wa wani babba a gida yau ɗin nan. Sannan ka kunna tabbaci mai mataki biyu a Facebook da WhatsApp, ka ɓoye lambar wayarka da unguwarku daga bayanan shafinka. In saƙon ya ambaci gidanku ko wurin aikinka, ku tafi ofishin 'yan sanda da hotunan, kai da babban naka.